Rauta ta biyu ko doguwar waya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke riƙe da reshen wani kamfanin sayen shinkafa a Argungu, babban ofishinmu yana Birnin Kebbi. Kwamfuta huɗu gare mu da firinta ɗaya, duk a kan rauta mai sim. A ɗakin gaba intanet lafiya lau, amma a ɗakin akawu da ke bayan sito sai ya zo ya ɗauke. Yaron da ke mana gyara ya ce mu ƙaro rauta. In saya?
Mai karatu, Argungu

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Aikin rauta shi ne ta haɗa ofis da waje, ta raba wa kowace na'ura adireshinta, kuma guda ɗaya ta ishi kwamfuta huɗu har da ragi. Bango ne ya tare ku. Wi-Fi ba ya shiri da bulo da kwano, balle ga buhunan shinkafa jibge a tsakani.

Fara da abin da ba ya cin ko kwabo: ɗauke rautar daga tebur, ka rataye ta sama wajen tsakiyar gini. In tana ba da Wi-Fi iri biyu, 2.4 GHz da 5 GHz, sa akawu a kan 2.4, ya fi ratsa bango. In bai yi ba, a ja kebul ɗin intanet da ake kira Cat6 daga rautar zuwa ɗakinsa. Yana kai mita 100 ba tare da ya gaza ba. Ramukan rautar sun ƙare? Ƙaramin suwic, wato na'urar ƙara ramukan kebul, mai rami 5 ko 8 ya wadatar.

Amma in ka jona sabuwar rauta yadda ta fito daga kwali, an yi limami biyu a masallaci ɗaya: ita ma za ta kama rabon adireshi, akawu ya samu intanet amma ya nemi firinta ya rasa. In akwai tsohuwar rauta a ajiye, yaron ya kashe mata DHCP, wato tsarin rabon adireshi, ya soka kebul ɗin da ya taho daga ta farko a ramin da aka rubuta LAN, ba WAN ba. Shi ke nan ta koma mai watsa Wi-Fi kawai.

Inda zan yarda ka saya shi ne in sabis ke yawan ɗaukewa ana tsakar tura lissafi Birnin Kebbi, kana son sim na wani kamfanin a matsayin ko-ta-kwana. Shi ma da iyakarsa: a Satumbar 2021 da aka rufe layuka a Zamfara, na duk kamfanoni aka rufe. Kuma kafin ka zargi sabis, duba ko rautar tana kan inbata, ko tare take mutuwa da wutar NEPA.