Tambaya da Amsa: Rera waƙoƙin William Byrd a kwayar Hausa ta Legas

TAMBAYA: Salama. Ni ne nake jagorantar kwaya a wata majami'a ta masu jin Hausa a Agege. Mu ashirin ne, mata 13, maza 7, kuma da solfa (do, re, mi) muke karatu. An ba mu takardar Ave verum corpus ta William Byrd mu shirya ta don taron kwayoyi. Duk sanda muka rera ba kiɗa, kafin mu kai Amin murya ta sauka, sannan a farkon waƙar akwai inda yake yi mana kamar kuskuren bugu. Ina matsalar take?
Shugaban kwaya, Agege

AMSA: Malam, salama. Wurin da kuke zargi ba kuskure ba ne, da gangan Byrd, mawaƙin Ingila da ya rasu a 1623, ya sa shi. Idan takardarku tana kan maɓallin asali, do ɗinku Bi filat ne, waƙar kuma tana zaune kan la. A kalmar farko soprano za ta rera se, wato so da aka ɗaga rabin taki, da ta saki sai bas ya shigo da so tsantsa. Sautukan biyu maƙwabta ne, suna gogar juna a kunne, kuma mawaƙan Ingila na wancan zamani suna son wannan gogayya ƙwarai. Abin da ke ɓata wurin shi ne kowane ɓangare ya ji tsoro ya matsa wajen ɗan'uwansa: soprano ta sassauta se, bas ya ɗaga so, sai a rasa duka biyun. Ku ware waɗannan muryoyi biyu kawai, su maimaita wurin sau biyar ko shida a hankali, kafin alto da teno su shigo.

Saukar murya kuwa daga ƙananan abubuwa take taruwa. Idan ana gangarowa rabin taki, kamar daga do zuwa ti ko daga fa zuwa mi, yawancin mawaƙa suna wuce gona da iri. Idan ana hawa cikakken taki, sai su gaza kaiwa. Kowane layi a yi asarar ɗan kaɗan, a ƙarshe an sauka rabin taki ba wanda ya lura. Ka gaya musu gangara a taka ta a takure, hawa a taka shi a yalwace. Sai kuma jan waƙa: wannan waƙa kusan minti huɗu take ci, in ta kai ku biyar kun ja ta da yawa, numfashi ya ƙare, murya dole ta faɗi. Ka riƙa taɓa maɓalli ɗaya a kibod daidai inda ake shiga sashen da ya fara da kalmomin O dulcis, domin wannan sashe sau biyu ake rera shi, kuma a zagaye na biyu gajiya take nunawa. Fankar sama da ƙugin janareta ma suna ruɗa kunne, don haka a kashe fankar da ke kan mawaƙa lokacin gwaji ko da na minti goma ne.

Rabon muryoyi: soprano 7, alto 6, teno 3, bas 4. Layin alto zai yi wa mata ƙasa, saboda maza ne suka saba rera shi a da. Ku ɗaga waƙar duka da taki ɗaya, ba laifi ba ne, kuma mai karatu da solfa ba abin da ya canza masa sai inda aka ɗora do.

Wajen furucin Latin, Bahaushe yana da sa'a, domin wasulan nan biyar namu su ne nasu, kuma c ta dulcis daidai take da c ta cikin "ciki". Jesu a ce Yesu, Mariae a ce Mariye. Inda muke tuntuɓe shi ne v da p. Ave verum yakan koma abe berum, corpus ya koma korfus. V haƙoran sama ne kan leɓen ƙasa, p kuma a haɗe leɓɓa sannan a fasa. A kula da cruce kada ta zama kuruce, don ƙarin gaɓa ɗaya yana jefa mutum baya da bugu.

Abu ɗaya da ya kamata ka kai wa fasto tun kafin ranar: Byrd ɗan Katolika ne da ya yi aiki a fadar Sarauniya Elizabet ta Ɗaya lokacin da aka hana sujadar Katolika a Ingila. Wannan waƙa ta fito a 1605 cikin tarin Gradualia, kuma yabo ne ga jikin Almasihu a jibin Ubangiji bisa koyarwar Katolika. A fassara masa kalmomin ya gani. In majami'arku ta fi son na Turanci, Byrd ya rubuta wa cocin Angilikan waƙoƙin sujada da ake kira Short Service, inda galibi kowa yake furta kalma ɗaya tare, ya fi sauƙin koyo nesa ba kusa ba.

TAMBAYA: Ina koyar da waƙa a makarantar sakandare. Shin Byrd yana da waƙoƙin da ba na sujada ba waɗanda ɗalibai Musulmi da Kirista za su iya rerawa tare? Maza masu babbar murya biyu kacal nake da su.
Malamar makaranta, Obalende

AMSA: Malama, yana da su da yawa. A 1588 ya buga Psalmes, Sonets and Songs, wanda ya haɗa zabura, waƙoƙin soyayya da na makiyaya, da na makoki, duka na muryoyi biyar. Wasu tarin biyu sun biyo baya a 1589 da 1611. Abin da zai taimake ki shi ne yadda aka gina na 1588: yawancinsu tun asali na murya ɗaya ne da kayan kiɗa huɗu masu tsirkiya, daga baya ya sa wa sauran layukan kalmomi don a buga. Shi ya sa a waƙoƙi da dama ya nuna layin da shi ne na mai rerawa na farko. Ki ba 'yan mata wannan layi su rera tare, mai kibod ya ɗauki sauran huɗun, mazan biyu su bi layin bas tare da hannunsa na hagu. Ba ha'inci kika yi wa waƙar ba, kusa da asalinta kika mayar da ita.

Ki fara da Though Amaryllis dance in green. Waƙar makiyayi ce da ya gaji da soyayyar da ba a amsa ba, mai saurin taki. Wahalarta ita ce bugu shida da wani lokaci ake raba shi uku-uku, wani lokaci biyu-biyu, har ɓangarori su saɓa a lokaci guda. A takarda abin yana ba da tsoro, amma yaron da ya taso yana jin kalangu ko gangan Yarabawa ya san wannan saɓani a jikinsa. Ki raba aji biyu, rabi su tafa biyu, rabi su tafa uku cikin lokaci ɗaya, sannan a karanta kalmomin da baki bisa bugun, sai a ƙarshe a ɗora sauti. In aka fara da sauti, yara za su danna farkon kowane ma'auni kamar fareti, alhali a littattafan asali babu layukan tsaye masu raba ma'auni, nauyin kalma ne yake jan bugu. Ki karanta baitocin duka kafin ki raba, ki zaɓi biyu ko uku da suka dace da shekarunsu.

TAMBAYA: A ina ake samun takardun, kuma ana biya?
Mai kibod, Idi-Araba

AMSA: Byrd ya rasu a 1623, don haka waƙoƙin ba su da haƙƙin mallaka, sai dai sabon bugu na wani kamfani. Shafukan CPDL da IMSLP a intanet suna da su kyauta, cikin rubutun layi biyar, sai ka juya su zuwa solfa da kanka. Bugu ɗaya za ku ɗauka ku yi wa kowa hoto, domin editoci sun bambanta a maɓalli da tsawon sauti, kuma takarda iri biyu a kwaya ɗaya tana cinye rabin lokacin gwaji.