Tambaya da Amsa: Tashar matsa gas za ta iya fashewa kamar tukunyar girki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a unguwar Zengu, nan Damagaram. Muna ta jin labarin bututun gas da za a shimfiɗa daga Najeriya ya ratsa ƙasarmu Nijar zuwa Aljeriya, an kuma ce za a gina masa tashoshi a kan hanya. Bara tukunyar gas ta kama wuta a gidan maƙwabcinmu, har yau bangon madafin baƙi ƙirin yake. Idan tukunya mai kilo 6 ta yi wannan ɓarna, ina ga tasha guda idan injinta ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam, Allah ya kiyaye gaba. Bututun da kake nufi shi ne wanda ministocin makamashi na ƙasashen uku suka sa hannu a kan yarjejeniyarsa a watan Yuli na 2022, tsawonsa ya haura kilomita 4,000 kafin ya isa Hassi R'Mel, cibiyar gas da ke Aljeriya. Gas ba ya yin irin wannan tafiya da kansa, domin gogayya da bangon bututu tana rage masa ƙarfi, shi ya sa bayan kowane kilomita 65 zuwa 160 ake kafa tasha mai injinan da ke sake matsa shi. Matsin yakan kusanci bar 100 (bar ma'aunin matsi ne), alhali iskar da mai faci ke dura wa tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce bar 2 da ɗan abu ba.

Sai dai gas suna ya tara. Na tukunyarku, irin wanda matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ke fitarwa tun 2011, akasarinsa butan ne, ya fi iska nauyi, saboda haka idan ya tsiyaya sai ya kwanta a daɓen madafi yana jiran ashana. Na bututu kuwa metan ne, ya fi iska sauƙi, sama yake yi ya watse, kuma ba ya kamawa sai adadinsa a cikin iska ya kai kashi 5 zuwa 15 cikin 100. A fili da wuya ya taru haka. A cikin rufaffen ɗakin injina ne haɗarin yake.

Abin da ke lalacewa yawanci ƙanana ne: zoben roba da ya tsufa a mahaɗa, bawul (makunnin da ke buɗe ko rufe hanyar gas) da ya cije, siririn bututu da jijjigar inji ta tsaga, ko yankewar wutar lantarki. Da zarar na'urorin tsaro sun ji matsala, sai su kashe inji, su rufe bawul na shiga da na fita, sannan su saki gas ɗin da ya maƙale a cikin tashar ta wani dogon bututu mai kallon sama. Ƙarar kamar ta jirgin sama ne yana shirin tashi, wanda bai taɓa ji ba sai ya rantse fashewa ce. Haka ta faru a tashar Weymouth da ke jihar Masacuset ta Amurka a watan Satumba na 2020, sau biyu cikin makonni uku, na farkon saboda zoben roba, har hukuma ta dakatar da aikin tashar don bincike. A ganina hukumar ta yi daidai, domin sakin gaggawa sau ɗaya yana nuna na'urar tsaro tana aiki, amma idan ya zama jiki to gyara ne ake yi wa sakaci. Ga kuma asara, ga illa, tunda metan ya ninka hayaƙin kabon sau 80 da ɗoriya wajen ɗumama duniya cikin shekara 20.

Yoyon da ba shi da ƙara ya fi damuna. Warin da kake ji a madafi wani sinadari ne da ake zubawa da gangan, kuma sau da yawa manyan bututu ba a zuba musu shi, don haka hanci ba zai yi maka gargaɗi ba, sai na'urar auna gas da kyamara ta musamman. A ƙasa irin tamu kuma ƙurar hunturu tana toshe matatun iskar injina, zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40 yana gajiyar da na'urorin sanyaya su, ga nisan inda ake kawo kayan gyara.

Duk garin da za a kafa wa tasha, ya kamata mai gari da jama'arsa su nemi sanin tazarar da za a bari tsakaninta da gidaje, su nemi jiniya, da lambar waya mai amsawa dare da rana, da sanarwa kafin duk wani sakin gas na gyara, musamman saboda makiyaya, domin garke yana iya tarwatsewa da wannan ƙara. Wanda abin ya rutsa da shi kusa da tasha kuwa, ya bar wurin da ƙafa ya nufi gefen da iska take fitowa, kada ya kunna taba, kada kuma ya tada babur.