Da ɗan gari akan ci gari

Wani mai sayar da albasar Galmi a kasuwar Tawa ya aiko da tambaya biyu: mece ce ma'anar "dunƙulewar duniya" da yake ji a rediyo, kuma shin karin maganar nan ta "da ɗan gari akan ci gari" tana aiki a kan manyan kamfanonin ƙasashen waje?

Alhaji, dunƙulewa ita ce haɗuwar abin da yake warwatse ya zama curi guda, kamar yadda mai fura take dunƙula dawo a tafin hannunta. Abin nufi shi ne kaya da kuɗi da labari suna ƙetare iyakoki cikin sauri, har kasuwannin ƙasashe suka zama tamkar rumfunan kasuwa ɗaya.

Amma tambayarka ta biyu ta fi ɗaukar hankalina. "Ci" a nan ba na abinci ba ne, cin yaƙi ne, domin mayaƙan da ba su da wanda ya san ƙofar da ganuwa ta yi rauni sukan gaji da zaman bayan gari su koma gida. Fatake ma sun san wannan tun zamanin da ayari ke zuwa Gwanja sayen goro: baƙo yakan sauka wurin fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya samo masa dillali, ya kuma tsaya masa idan aka ci bashi.

Kamfanonin yau ba su kauce wa wannan hanya ba. Layin waya da muka sani da sunan Celtel ya koma Zain a 2008, sannan a 2010 kamfanin Bharti Airtel na Indiya ya saye shi. Masu shi sun canza, amma yaron da ke sayar da katin kira a bakin tasha ɗanmu ne, tallar kuma da Hausa da Zabarmanci ake yin ta. Haka Nestlé na ƙasar Suwizalan ya fahimci cewa uwargida kuɗin cefanen yini ɗaya take riƙewa, shi ya sa ake samun Maggi ƙwaya-ƙwaya a teburin mai kayan miya.

Sai dai ina jan hankalinka, Alhaji, cewa karin maganar tana da kaifi biyu, domin Bahaushe yakan faɗe ta kuma idan yana zargin na gida da buɗe wa baƙo ƙofa. A ganina, wannan ma'ana ta biyu ce ta dace da ɗan ƙasar da yake ara wa kamfani sunansa a takarda, alhali ribar duka waje take tafiya.