Anti wanne zan ɗauka? Amsoshin tambayoyinku kan aiki da sayayyar ofis

Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, mutum na da damuwa a wurin aiki sai ya fara lissafin me zai saya ya huta. Wani lokacin kam sayen ne maganin, wani lokacin kuma kuɗin ne kawai zai tafi, damuwar na nan zaune tana kallonka. Na cire sunaye kamar kullum, waɗanda suka yi tsawo kuma na rage su.

Tambaya: Salam Anti, dan Allah shawara nake nema. Na samu aiki a ɓangaren lissafin kuɗi wata biyu kenan, kwamfutocin ofis ba sa isarmu kowa da tasa yake zuwa. Abin da na tara zai sai min ƙaramar laftof sabuwa fil a kwali, ko kuma ta hannu irin wadda manyan kamfanoni ke yi wa ma'aikata. Abokaina sun ce in sayi sabuwa kar in je in kwaso ciwon wani. Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa alaikas salam ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin. Kafin ka fitar da ko sisi ka fara zuwa wajen oganka ka tambaye shi, shin akwai shirin ba ka kwamfuta, in babu za su taimaka da wani abu, sannan in ka zuba lissafin kamfani a taka aka sace ta a mota laifin wa? Ba rashin kunya ba ne wannan tambayar, kai da za ka riƙa yawo da albashin mutane da bayanan kwastomomi a jaka ya kamata ka san matsayinka tun yanzu.

In ta tabbata sai ka saya ɗin, ni dai ta hannun zan ce maka, amma da sharaɗi. Sabuwar da ƙaramin kuɗi ke saya yawanci RAM ɗinta, wato wurin da take riƙe ayyukan da ka buɗe, 4GB ne, ga firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, mai ƙaramin ƙarfi irin Celeron, ranar farko za ta yi ta ƙyalli kana jin daɗi, ranar da ka buɗe Excel mai layi dubu ashirin ga burauza ga mitin a Zoom sai ta tsaya cak kamar an kafe ta, oga na tsaye a kanka yana jiran rahoto. Araha ba ta ado. Irin su ThinkPad na Lenovo, Latitude na Dell da EliteBook na HP don ma'aikata aka ƙera su, jikinsu ya fi ƙwari, kibod ɗinsu ya fi daɗin bugawa, kayan gyaransu kuma ba sa wahalar samu.

Sharuɗan su ne, RAM kar ya gaza 8GB, in za ka iya 16 ya fi. Ma'ajiyarta ta zama SSD ba tsohon faifan nan mai juyawa ba, wallahi wannan kaɗai ya fi komai canza saurin kwamfuta, 256GB ya ishe ka aikin ofis. Sai babban abin da mutane ke mantawa, Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, ita kuma Windows 11 a ƙa'ida tana son firosesan Intel daga zubi na 8 zuwa sama da wani abin tsaro da ake kira TPM 2.0. Gane zubin ba wuya, in ka ga an rubuta i5-8250U, wannan 8 ɗin na farko bayan layin shi ne zubin. In ka ga i7-6600U kar sunan i7 ya ruɗe ka, zubi na 6 ne, ya girmi wancan i5 ɗin. Masu sayarwa sun san mutane na jin i7 suke miƙa kuɗi.

Kuma kar ka yi cinikin biri a sama. Ka zauna da ita a gaban mai sayarwa, ka buɗe Command Prompt, wato wurin rubuta umarni na Windows, ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fitar maka da ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu, in ya zube ƙasa da rabi ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin. Ka danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya, ka gwada kyamara da sifika da duk ramukan USB, ka kashe ta ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, ka tabbatar babu fasuwod ɗin tsohon kamfanin a kai. Mai sayarwar da ya fara ɓata rai don kana dubawa, ka san da walakin.

Tambaya: Anti barka da ƙoƙari. Shekara huɗu ina aiki a wuri ɗaya, albashin ba yawa amma ina koyon aiki sosai kuma minti ashirin ke kai ni daga gida. Yanzu wani kamfani ya yi min intabiyu sun ce za su ba ni ƙarin kashi 30 cikin ɗari, sai dai tafiyar awa ɗaya da rabi ce kowace safiya. Manajan ya kira ni ya ce an ɗauke ni in fara farkon wata, takarda za ta biyo baya. In ajiye nawa?

Amsa: 'Yar uwa, kar ki ajiye komai sai takardar ɗaukar aikin ta shigo hannunki da sa hannu, da albashin a rubuce, da ranar farawa. Wannan ba a littafi na karanta ba, a jikina na gani. Shekarun baya wani manaja ya kira ni da fara'a ya ce ai an gama magana in zo ranar Litinin, na tashi jiki na rawa na buga takardar ajiye aiki, har na kwashe kofina da 'yar fulawar da ke kan teburina na yi sallama da kowa. Litinin ɗin na je na zauna a kujerar baƙi daga ƙarfe takwas har azahar, jaka a cinya, sai wata ta fito ta ce min ai manajan an canza masa wurin aiki kuma ita ba ta ga sunana a ko'ina ba. Wata biyar na yi a gida. Mutumin ma ba na jin da mugunta ya yi, kawai magana ce ta baki, ita kuwa iska ke ɗauke ta.

To mu dawo kan lissafin. Kashi 30 ɗin nan ki tambaye su, kafin a cire haraji da fansho ne ko bayan an cire? Alawus na ciki ko daban yake? Akwai inshorar lafiya? Watanni nawa ne na gwaji, kuma a cikinsu cikakken albashi ake biya? Da yawa sai sun ga albashin farko suke gane ashe abin da aka faɗa musu da abin da ke shiga asusu ba ɗaya ba ne. Sannan hanya, awa ɗaya da rabi zuwa, awa ɗaya da rabi dawowa, awa 3 kenan a rana, awa 15 a mako, kusan awa 60 a wata, yanzu kuwa abin da kike kashewa a hanya bai kai awa 14 a wata ba. Kinga kenan ƙarin kusan mako guda na aiki za ki riƙa yi duk wata a cikin mota ba wanda zai biya ki, ga kuɗin motar shi ma daga cikin kashi 30 ɗin zai fita. Ki ɗauki biro ki cire duk wannan ki ga me ya rage.

Amma fa ba ina ce miki ki zauna ba ne. Shekara huɗu a kujera ɗaya, ki tambayi kanki tsakani da Allah, har yanzu koyon kike ko kuwa sabo ne kawai? In abin da kika iya bana shi kika iya bara, to koyon ya ƙare ba ki sani ba. In takardar ta zo kuma lissafin ya yi, ki tafi ki bar wurin cikin mutunci, ki ba da notis daidai yadda yarjejeniyarki ta ce, ki miƙa aiki a tsare, duniyar aiki ƙarama ce za ku sake haɗuwa. In kuma kin fi son zama, za ki iya samun oganki ki nemi ƙari, amma kar ki yi barazanar tafiya in ba da gaske kike ba, don wani ogan cewa zai yi Allah ya kiyaye hanya.

Tambaya: Anti ni shekarata ɗaya da fara aiki, na ga kowa a LinkedIn yana jera satifiket. Ana ta tallata min kwas ɗin PMP, satifiket ɗin jagorancin ayyuka, wai shi ke kawo ƙarin girma, kuɗin ya kai albashina na wata biyu. In biya?

Amsa: A'a ƙanena, ba yanzu ba. Ita cibiyar PMI da ke ba da PMP sharaɗinta ga mai digiri shi ne ya yi shekara 3 yana jagorantar ayyuka, ban da awa 35 na horo, kai kuma shekararka ɗaya, ko ka biya kuɗin kwas ɗin ba ka kai zama jarrabawar ba tukun. Masu tallar ba za su faɗa maka haka ba saboda su kwas suke sayarwa ba satifiket ɗin ba. In ɓangaren ne ke burge ka akwai ƙaramarta CAPM da aka yi don masu farawa.

Ga gwajin da nake ba kowa kafin ya biya kuɗin wani kwas, ka nemo tallan aiki guda goma na matsayin da kake son kaiwa nan da shekara uku, ka ƙirga a nawa aka ambaci satifiket ɗin. In biyu ne ko ɗaya, ka riƙe kuɗinka. Kuma ka dubi abin da ke wahalar da ofishinku yau, sau da yawa yaron da ya iya Pivot Table da XLOOKUP a Excel, ya mayar da aikin kwana biyu na awa ɗaya, ya fi mai satifiket biyar shiga idon oga, kuma wannan kyauta za ka koya a YouTube. Sai dai ka duba wane Excel ofishinku ke amfani da shi, XLOOKUP babu shi a na 2016 da 2019, a can tsohon takwaransa VLOOKUP za ka riƙe. Ka kuma tambayi sashen kula da ma'aikata ko suna da kasafin horo, wasu wuraren kuɗin na nan ajiye har shekara ta ƙare ba wanda ya nema.

Tambaya: Anti ogana ba ya da lokaci, ƙarfe goma sha ɗaya na dare zai turo saƙo a WhatsApp, Asabar da Lahadi ma kira, in ban ɗauka ba Litinin sai ya sha min toka. Bacci ya gagare ni, ina jin ƙarar waya gabana ke faɗuwa. Ina tunanin sayen waya ta biyu ta aiki kawai in riƙa kashe ta da yamma. Ya kika gani?

Amsa: Sannu ƙanwata, Allah ya kawo sauƙi. Wayar za ki iya saya, ƙarama mai sauƙin kuɗi ma ta isa, koda yake tun 2023 WhatsApp ya ba da damar sa lamba biyu a wayar Android ɗaya, kinga ba lallai sai kin kashe kuɗi ba. Amma ki sani wayar ba za ta yi miki maganar da kike gudu ba. Ranar da kika kashe ta bai same ki ba, tsohuwar lambarki zai kira, ai yana da ita.

Abin da kike ji a jikinki ba ragwanci ba ne. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya sun fitar da binciken da ya nuna aikin awa 55 zuwa sama a mako na ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari in aka kwatanta da mai yin awa 35 zuwa 40, sun kuma ƙiyasta mutum 745,000 ne suka mutu a 2016 sanadiyyar doguwar awar aiki. Faransa tun Janairun 2017 ta fara aiki da doka kan 'yancin ma'aikaci ya kashe waya bayan tashi, Ostireliya ma ta bi sahu a 2024. Ko awa 8 a rana da muke ɗauka kamar daga sama ta faɗo, yarjejeniyar farko ce da Ƙungiyar Ƙwadagon ta yi a 1919 bayan ma'aikata sun daɗe suna fafutuka.

Ki same shi lokacin da ransa ke sake, ba Litinin da safe ba, kuma ba a gaban mutane ba. Kar ki fara da ƙorafi, ki ce masa ranka ya daɗe ina son in riƙa ba da aiki mai kyau, na lura saƙon dare in na amsa cikin bacci kuskure nake yi, in abu na gaggawa ne a kira ni zan ɗauka, in ba haka ba zan fara da shi ƙarfe takwas na safe. Sai kuma ki cika alkawarin, ƙarfe takwas ɗin ya ga amsarki kafin ya tambaya. Da yawan ogannin nan ba wai amsa suke so a daren ba, abu ne ya faɗo musu a rai suke turowa kar su manta, ke kuma da kike amsawa cikin minti biyu kika koya masa cewa a farke kike. In kin yi haka wata guda bai canza ba, ki fara ajiye saƙonnin da lokutansu, ki duba me takardar aikinki ta ce kan awanni, sannan ki fara leƙa wasu wuraren a hankali ba tare da kin sanar da kowa a ofis ba. Rashin baccin kuma in ya wuce makonni ki ga likita, kar ki sayi maganin bacci da kanki.

Tambaya: Anti wanda muke teburi ɗaya da shi surutu kamar rediyo, waya ma a sifika yake amsawa. In sayi abin kunne mai toshe hayaniya?

Amsa: Irin waɗancan masu tsadar sun fi iya kashe ƙara mai tafiya bai ɗaya kamar ta injin ko na'urar sanyaya ɗaki, muryar mutum da ke gefenka kuwa tana ratsowa. Ka sayi mai sauƙi wanda robarsa ke toshe kunne sosai, ka sa a kunne ɗaya don in oga ya kira ka ji. Shi kuma maƙwabcin naka ka ce masa Malam dan Allah a rage sifikar nan, sirrin gidanka duk mun haddace.