Mahaifinmu ya bar wasiyyar gida ga marayu, wa za mu danƙa wa?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Watanni biyu ke nan da Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa a Tudun Wada. Yana kwance a asibiti ya shaida wa ƙanensa da limamin unguwarmu cewa gidan hayarsa na Rigasa a bar wa marayu. Bai rubuta ba, bai kuma kama sunan wata ƙungiya ba. Ya bar mata biyu da 'ya'ya tara, uku daga ciki ƙanana ne. Yanzu wata ƙungiya ta zo tana neman mu ba ta takardun gidan, baffanmu kuma yana ganin gara a sayar a haƙa rijiyoyin burtsatse da sunan marigayin. Akwai kuma kuɗin ta'aziyya da jama'a suka bayar. Ni ne babba, kowa ni yake kallo. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙurin rashi. Malam, kafin komai: kada takardar gidan nan ta bar hannunka, ko da kwafi ne, har sai an gama lissafin abin da marigayin ya bari gaba ɗaya. Ba wai ina zargin ƙungiyar da ta zo ba ne. A yau kai kanka ba ka da hurumin miƙa gidan ga kowa, domin ba a riga an san ko duka gidan ne zai tafi ga marayu ko wani sashe nasa ba.

Da yake mahaifinku Musulmi ne, shari'ar Musulunci ce ke hukunta dukiyarsa, kuma kotunanmu a kan mazhabar Malikiyya suke tafiya. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ambaci wakafi da kyauta da wasiyya da gado ƙarara a cikin abubuwan da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ke da hurumi a kansu matuƙar mai dukiyar Musulmi ne. Jerin kuwa sananne ne: a fitar da kuɗin jana'iza, a biya bashi, a zartar da wasiyya, abin da ya rage shi ne gado. Bashi ya haɗa da ragowar sadakin iyayenku mata idan akwai, da haƙƙin ma'aikatansa, da zubin adashe, da kuɗin hayar da ya karɓa na watannin da ba a riga an ci ba. A nan ne iyalai da yawa ke yin gaggawa, a yi sadaka da dukiyar mamaci alhali ga masu bin sa bashi suna jin nauyin buɗe baki a gidan makoki. Ka sa a sanar a masallacinsa da kasuwar da yake zama, a ba mutane lokaci.

Rashin rubutu bai ɓata wasiyyar ba. Wasiyya da baki tana tabbata da shaidar adilai biyu, kuma ga alama kuna da su. Baffanku ba magaji ba ne tunda marigayin ya bar 'ya'ya maza, ba shi da wani rabo da zai ja wa kansa. Sai dai ka zauna da shi da Malam liman, kowa daban, su faɗi ainihin kalmomin da suka ji, a rubuta, su sa hannu tun abin yana sabo a kansu. Kalmomin suna da nauyi. Idan cewa ya yi a bar gidan kuɗin hayarsa ya riƙa zuwa ga marayu, wannan wakafi ne, hubusi ke nan: ba a sayar da shi, ba a kyautar da shi, ba a gadonsa, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibara. Idan kuwa cewa ya yi a ba marayu gidan, akwai sararin a sayar a kashe musu kuɗin. Ko wanne ne, tunda a ciwon ajali ya faɗa, hukuncinsa hukuncin wasiyya ne, ba zai wuce sulusin dukiyarsa ba, wato kashi ɗaya cikin uku. Hujjar ita ce hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas, da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya amince masa da sulusi, ya ce sulusin ma da yawa, ya kuma nuna masa cewa barin magada a wadace ya fi barin su suna roƙon mutane.

Bari mu ɗauki misali da lissafi. A ce bayan jana'iza dukiyar duka, har da gidan da kuke ciki da shago da mota da abin da ke banki, ta kai naira miliyan 30, bashi kuma miliyan 3. Saura miliyan 27, sulusinta miliyan 9. Idan masu ƙiyasta kadarori suka ce gidan Rigasa miliyan 8 ne, shi ke nan, ya shiga cikin sulusi, ya fita daga gado, ko magada sun so ko ba su so ba. Idan kuwa miliyan 12 ne, akwai rarar miliyan 3 wadda haƙƙin magada ce. Wanda ya balaga kuma yake da hankalinsa yana iya yafe kasonsa na wannan rarar, malaman Malikiyya ma suna ɗaukar yafewar a matsayin kyauta daga shi magajin. Amma ƙannenka uku ba mai ikon yafewa a madadinsu. Kai ba ka da shi, mahaifiyarsu ba ta da shi, baffa ba shi da shi. Su ma marayu ne, kuma aya ta 10 a Suratun Nisa'i a kan masu cin dukiyar irinsu take magana. Ina jin zafin ganin an ɗebi rabon marayun cikin gida an kai wa na waje ana kiran abin sadaka. Ka kuma kula da iyayenku mata da 'yan'uwanka mata. Sau da yawa a taron dangi ake tambayarsu ko sun yafe, kunya ta sa su gyaɗa kai. A tambayi kowacce ita kaɗai, bayan an faɗa mata nawa ne kasonta a naira.

Idan rarar ta tabbata, hanya mafi tsabta ita ce manyan da suka ga za su iya su haɗa kuɗi su biya ƙananan kasonsu, gidan ya tafi ga marayu ɗungurungum. In hakan bai samu ba, a sayar, a ware sulusin, a raba sauran. Ba na ba da shawarar a bar gida ɗaya rabi wakafi rabi gado, domin rigimar da kuka kauce wa yau jikoki ne za su same ta.

Game da ra'ayin baffanku: shayar da ruwa sadaka ce mai girma, Rigasa kuma tana bukatarsa. Amma marayu marigayin ya ambata, ba ruwa ba, kuma aya ta 181 a Suratul Baƙara ta ɗora zunubi a kan wanda ya canza wasiyya bayan ya ji ta. Wanda yake son rijiya da sunan Baba ya haƙa daga rabonsa bayan an raba, ladan zai isa gare shi in sha Allahu. Ka faɗa wa baffa wannan cikin ladabi, gara ma ta bakin liman. In an tashi haƙawa kuma a ware kuɗin gyara tun farko, a san wa zai riƙe shi, don rijiyar da famfonta ya mutu bayan shekara ta daina gudana.

Kuɗin ta'aziyya ba ya cikin gado, domin ba mallakar marigayin ba ne lokacin da ya cika. Na wanda aka bai wa ne. Abin da aka miƙa wa wata daga cikin matansa nata ne, abin da aka bayar don gida gaba ɗaya ku yi shawara a kansa.

Sai zaɓen wanda za a danƙa wa. Tunda Baba bai kama suna ba, ba dole ne ƙungiya ba. Kuna iya riƙe gidan a matsayin wakafi, a naɗa masu kula, a riƙa biyan kuɗin makaranta da magani na marayun da kuka sani da idonku. Marayun dangi waɗanda ba magada ba suna shiga, misali jikokin da ubansu ya riga Baba rasuwa, waɗanda 'ya'yansa maza suka katange daga gado. Ƙannenka ƙanana kuwa ba za su ci daga wasiyyar ba, tunda babu wasiyya ga magaji.

Idan kun zaɓi ƙungiya, ku bincike ta kamar yadda ake binciken wanda ya zo neman aure. Ku fara da rajista. Yawancin ƙungiyoyin agaji da gidauniyoyi a ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 suke da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, wato CAC, a matsayin kwamitin amintattu, kuma kowa yana iya duba sunan ƙungiya a shafin hukumar na intanet daga wayarsa. Ku nemi kwafin takardar rajistar da kundin tsarin mulkinta, ku ga ko kula da marayu na cikin manufofinta a rubuce, ku ga su waye amintattun. Doka ta wajabta musu kai rahoton shekara ga hukumar, don haka ku ce a nuna muku na baya-bayan nan. Idan gidan marayu ne, ku tambayi takardar izininsu daga ma'aikatar jiha mai kula da walwalar jama'a. Ku ziyarci wurin ba tare da sanarwa ba, ku yi magana da maƙwabta da mai unguwa. Rajista kaɗai ba ta tabbatar da amana, amma rashinta ya isa ku ja da baya. Ƙungiyar da ta ji haushin waɗannan tambayoyi ta riga ta ba ku amsa.

Abu ɗaya da ba zan yi sassauci a kansa ba: kada kuɗi ya shiga asusun mutum, kada takardar gida ta fita da sunan mutum, komai girman rawaninsa ko yawan mabiyansa a Facebook. Shugaban ƙungiya yana iya zama mutumin kirki ƙwarai, amma shi ma zai mutu, kuma ranar da ya mutu gidan da ke ɗauke da sunansa zai faɗa cikin lissafin gadonsa, 'ya'yansa su ce na ubansu ne. Amfanin rajistar amintattu ke nan: ƙungiyar ce ke mallakar kadara da sunanta, amintattu su sauya, mallaka ta tsaya, idan ma aka rushe ta doka ta hana mambobi raba dukiyar a tsakaninsu, sai dai a miƙa wa wata mai irin manufarta. Idan kuka zaɓi riƙe wakafin da kanku, ku ma ku yi irin wannan rajista, ku sa mutum ɗaya ko biyu daga wajen dangi cikin amintattun. Kuɗi kuwa ta banki za a tura. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani ko ƙungiya mai rajista kuma miliyan 10.

Lauya ya rubuta muku takardar wakafi ko ta miƙa kyauta, kuma kada ta zama 'yar gajeriyar da aka saba sa wa hannu a tsaye. Ta fayyace wane gida ne da iyakokinsa, su waye za su amfana, ko an yarda a sayar ko ba a yarda ba, kaso nawa na haya za a ware don gyaran gini, kaso nawa ne ladan mai kula, wa za a riƙa kai wa rahoto kuma sau nawa a shekara, da inda gidan zai koma idan ƙungiyar ta daina aiki ko ta saɓa sharaɗi. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, shi ne kuma zai ba ku ƙafar tsayawa a kotu nan gaba. Bayan haka akwai batun ƙasa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ce ba a sauya mallakar fili mai takardar shaidar gwamna sai da amincewarsa, kuma a Kaduna ta ofishin KADGIS, hukumar jiha mai kula da takardun filaye, ake bin wannan. Idan gidan Rigasa takardar ciniki kawai gare shi da hatimin mai unguwa, kamar gidaje da yawa a can, ku yi amfani da wannan dama ku daidaita takardunsa da sunan wakafin.

Duk wannan ku bi da shi ta Kotun Shari'a. Ko da kanku a haɗe yake, kasancewar akwai ƙananan yara ya isa dalili. Alƙali zai saurari shaidun wasiyyar, a ƙiyasta kadarorin, a fitar da sulusi, a raba sauran, a tabbatar da wanda zai riƙe rabon yaran, ku fito da hukunci a rubuce. Wannan takarda ce za ta kare ka ranar da ɗaya daga cikin ƙannenka ya girma ya tambayi inda gidan Rigasa ya tafi. Kuɗin da ke banki da haƙƙin fansho, idan Baba ya yi aikin albashi, galibi sai an kai takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha kafin a sake su. Wanda aka rubuta sunansa a fom a matsayin makusanci ba shi ne mai kuɗin ba, amana ce a hannunsa har a raba.

Daga yau zuwa ranar da kotu za ta yanke, hayar gidan kada ta gauraya da cefanen gida. Ka riƙa ba 'yan haya rasit, ka ajiye kuɗin a gefe guda, ka rubuta duk abin da ya shiga da abin da aka kashe wajen gyara, ka nuna wa alƙali littafin ranar zama. Ƙungiyar da ta zo kuma ka gaya musu magana tana gaban kotu, su kawo takardunsu ku duba kafin lokacin.