Filin Tambayoyi: Koyar da Rubutun Bayani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyar da matasanmu Hausawa a Jidda rubutun bayanin yadda ake amfani da manhaja. Kowa suke rubuta wa iri ɗaya, kuma duk shekara sai su sake daga farko. Ta ina zan fara? Daga wata malama, Jidda.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Fara da mai karatu. Ki ba su aiki guda: bayanin hawa jirgin ƙasan Masha'ir na alhazai, wanda ya fara aiki a 2010 tsakanin Mina, Muzdalifa da Arafa. Su rubuta wa mutum biyu. Ga saurayi da ya saba da Nusuk, manhajar aikin Hajji da Umara, a wayarsa, ga Hajiya 'yar ƙauye mai karatun ajami, wadda jikarta za ta karanta wa a cikin tanti ana zafi. Hajiya tana son sanin wa za ta bi, da abin da za ta yi in ta ɓace. Su karanta wa tsohuwa ta gaske da baki, su lura da inda ta ce "me?" Nan ne gyara yake, kuma wannan darasin na fi ƙauna.

Batun maimaici kuwa, su yanka bayanin gunduwa-gunduwa, kowace ta tsaya da ƙafarta. DITA, wani tsarin rubuta bayanin fasaha da ya samo asali a kamfanin kwamfuta na IBM, haka yake aiki. Lokaci da lambar tanti, masu sauyawa kowace shekara, a ware su daban, sauran a ajiye don baɗi.