Wane irin roƙo ne a 2 Korintiyawa 8:4?

Tambaya: Malam, a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki mun karanta inda Bulus ya ce mutanen Makidoniya sun roƙe shi ƙwarai. Me Helenancin ya ce, kuma me suke roƙo?

Amsa: Ɗan'uwa, kalmomi biyar ne: meta pollēs paraklēseōs deomenoi hēmōn, wato "suna ta roƙonmu da naci mai yawa".

Nauyin maganar yana kan deomenoi. Daga deomai ta fito, kuma tushenta rashi ne, bukata. Mai yin deomai ba tambaya kawai yake yi ba, kai yake ƙasƙantarwa kamar wanda ba shi da yadda zai yi. Ita Luka 5:12 ya yi amfani da ita ga kuturun nan da ya faɗi rubda ciki a gaban Yesu. A ayarmu tana cikin sigar aiki mai ci gaba: ba sau ɗaya suka faɗa suka yi shiru ba.

Hēmōn takan rikita ɗalibai, domin sigar mallaka ce, mai kama da "namu". Dokar deomai ce haka: wanda ake roƙo a wannan siga yake zuwa, sai a fassara "mu". Meta kuwa a nan tana nufin "da", tana nuna yadda aka yi roƙon. Paraklēseōs, wadda muka fassara "naci", siga ce ta paraklēsis, wadda ta haɗu daga para, kusa, da kaleō, kira. Dangi ɗaya ce da Paraklētos, Mai Taimako na Yahaya 14:16.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne abin da suke roƙa. Aya ta 2 ta ce talaucinsu ya kai matuƙa, sai ka zaci tallafi suke nema. Ina! Charis da koinōnia suke so, wato alheri da tarayya, alfarmar a bar su su sa hannu a gudummawar da Bulus yake tarawa domin matalautan Urushalima, wadda Romawa 15:26 ta ambata. Talaka ne ya riƙe rigar mai karɓar baiko yana cewa kada a tsallake shi.

Idan ka ga fassarar King James ta 1611 tana cewa sun roƙa a karɓi kyautarsu, ta bi rubuce-rubucen hannu ne da aka kwafa daga baya, waɗanda suka ƙara dexasthai hēmas, "mu karɓa". Tsofaffin rubuce-rubucen hannu ba su da wannan ƙari.